Yadda Mutumin Baure Zai Kai Ƙarshen Fim a Jirgin Yaƙin Ruwa

Jirgin yaƙin ruwa na zamanin da, wanda iska ke turawa, gida ne na katako da ake maƙare shi da maza da igwogi da albarushi, a sake shi a teku wata da watanni. Fim ɗin Master and Commander na 2003 ya fito da wannan rayuwa sosai, inda jirgin Ingila mai suna Surprise ke farautar na Faransa a 1805. Masu kallon fina-finan Indiya sun ga irinta a Thugs of Hindostan na 2018. Mutumin Baure, wanda ruwan da ya sani bai wuce na rijiya da tafkin damina ba, yana bukatar shiri in ya tsinci kansa a irin wannan jirgi, yana kuma so ya kai ƙarshen fim da ransa.

Da farko ya haƙura da barci. Makwanci gadon lilo ne na zane, faɗin wurin kowa inci 14, ana kuma karɓa-karɓar aiki duk bayan awa huɗu. Mai son miƙe ƙafa ya jira ranar sauka.

Abinci ne babbar jarrabawa. Biskit ɗin jirgi yana da taurin da ke karya haƙori, ga ƙwari a ciki, don haka akan bubbuga shi a tebur kafin a kai baki. Naman na gishiri ne daga ganga, wani na shanu, wani na alade, saboda haka wajibi ne Musulmi ya ƙulla zumunci da kuku tun ranar farko. Guzurin kilishi da ƙuli-ƙuli zai yi rana. Lemon tsami kuwa ya fi takobi amfani, domin rashin ganye da 'ya'yan itace na jawo cutar da ke kumbura dasashi, ta zubar da haƙora, ta buɗe tsohon rauni. Likita James Lind ya gwada maganinta da lemo a 1747, amma sai a 1795 rundunar ruwan Ingila ta fara raba ruwan lemon ga ma'aikatanta, bayan an yi asarar rayuka masu yawa.

Kyaftin ba a yi masa musu. Mai tsaurin ido rabonsa bulala mai harshe tara a gaban kowa. Tawaye ma ba mafita ba ne: a 1789 ma'aikatan jirgin Bounty sun kori Kyaftin William Bligh cikin ƙaramin kwalekwale, ya kai Timor da ransa, daga baya aka rataye uku daga cikinsu. Haka nan mutum ya guji a kira shi mai farar ƙafa. A fim ɗin na 2003, da iska ta ɗauke, sai aka ɗora laifin a kan wani ƙaramin hafsa, Hollom, har baƙin ciki ya sa ya faɗa ruwa, abin da ke nuna zaluncin camfi.

Ranar artabu, kada ya tsaya kallon dalmar igwa. Tsagin katakon da take tarwatsawa shi ne ya fi raunata mutane. Kada kuma ya tsaya kusa da jarumin fim, domin harsashin da ya kuskure jarumi maƙwabcinsa yake samu. Wanda aka kai wa likita ya sani babu allurar kashe zafi, zarto ne da tsumma.

Abin da fim bai cika nunawa ba shi ne cuta ta fi yaƙi kisa. Daga 1808 jiragen Ingila sun yi sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma suna tare jiragen bayi, suna sauke waɗanda suka kuɓutar a Freetown ta Saliyo, cikinsu har da Hausawa. Zazzaɓin cizon sauro da shawara sun kashe ma'aikatan waɗannan jirage fiye da yadda igwa ta kashe.