A Jinjina wa Rezo, Malamin Haƙuri

Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan haƙuri, amma ba su taɓa samun mataimaki irin rezon salula na ƙasar Madawa, Buza da Keita ba. Mai shakka ya ɗauki bidiyon biki ya gwada ɗora shi a intanet. Kafin asuba ya sauke karatu.

Bidiyo mai nauyin giga 1, idan layi na tura megabit 1 a daƙiƙa, sai ya ci awa 2 da ƴan mintoci kafin ya hau, in har rezo bai ko ƙifta ido ba. Shi kuwa namu, Allah ya ja zamaninsa, yana da kunya. Ba ya katse wa mutum hanzari tun a kashi 5. Sai ya bari an haura kashi 90, mai salula ya fara murmushi har ya aika a dafa shayi, sannan ya ɗauke. A koma sifiri, a sayi sabon forfe. Wane malami ne zai yi ta maimaita wa ɗalibi darasi ɗaya ba gajiya, kuma bai taɓa manta kuɗin laraba ba?

Ga shi da tausayin matafiya. Yankinmu na Adar ƙasar ƴan bida ce: wani yana Abijan, wani Libiya, wani Aljeriya. Su ke aiko kuɗin gara da na makaɗa, suna ɗokin ganin yadda biki ya kaya. Da bidiyon zai isa a ranar, kewar gida za ta hana su aiki. Rezo ya san haka, shi ya sa yake riƙe shi har sai an kusa sunan ɗan fari. In kuwa dangi sun gaji sun tura ta WhatsApp, a matse hoton har amarya ta saje da ƙawayenta. Ka ga an tsare ta daga kambun baka ba tare da laya ba.

Batun lafiyar jiki kuwa, a tambayi samarin da ke hawa duwatsun Keita da Buza, hannu a sama, suna farautar sanda ɗaya ta rezo. Abokin tafiyarsa kuran, wato wutar lantarki, shi ma ba ya barin sa shi kaɗai. Tun ma ba a watan Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har batiri ya zama abin tattali kamar hatsi a bazara.

Amma babbar baiwarsa rufin asiri. An gina layin salula ne yadda saukewa za ta fi ɗorawa sauri, don haka finafinan Indiya da raye-rayen TikTok suna sauko mana ba laifi, namu ne ba ya hawa. Madalla. Me duniya za ta yi da hoton gangaren da matan Keita suka jera wa duwatsu a aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 da taimakon Italiya da FAO? Wa ya ce a nuna layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Magiya a 1975 don tare iska? Manomin albasa na kwarin Tarka da masaƙiyar tabarma ta Madawa, in mai saye na nesa ya ga hajarsu da idonsa, ina dillali zai sa kansa?

Sai dai kowane mai alheri yana da mahassada. Wasu injiniyoyi marasa haƙuri sun ɓullo da dabara a cikin abin da suke kira API, wato ƙofar da manhaja ke bi ta miƙa kaya ga babbar kwamfutar ajiya. Su yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, kowace ta isa a shaida ta isa. Layi ya katse, manhaja ta tambayi ma'ajiya inda aka kwana, ta ɗora daga nan. YouTube na karɓar gunduwoyi a ninkin kilobait 256, ma'ajiyar S3 ta Amazon na yarda a raba kaya har gida 10,000, Vimeo kuma na aiki da wani tsari mai suna tus. Ko ɗan dako a tashar albasa ya san wannan: buhu ɗaya ya suɓuce, ba a sauke mota duka a sake lodi.

Alhamdu lillahi, da yawa cikin masu gina mana manhajoji da shafukan karɓar takardu ba su biye wa wannan bidi'a ba. Suna gwada aikinsu a ofis mai sanyi a Yamai, a kan layi mai ƙarfi, su ga ya hau cikin minti ɗaya, su ce ya yi. Mutumin Buza kuma ya ji da kansa.

Don haka, ƴan'uwa masu gina manhaja, bayanin wannan dabara yana nan a intanet kyauta. Don girman Allah kada ku karanta shi, kada ku raba talaka da ladan haƙurinsa.