Gatarin Maƙera Ba Ya Neman Fenti

Masu zuwa yawon buɗe ido a daji sun ɗauka gatari sai ya zo cikin kwali, da ƙotar roba da jan fenti, kafin ya ci icce. Maƙeran Damagaram kuwa, waɗanda kakanninsu suka ƙera wa Sarki Tanimu igwa kafin rasuwarsa a 1884, ba gatari ne zai gagare su ba. Tsohon sifirin mota suke sa wa gawayin ƙirya da zugazugi, su dake shi da masaba, su kafa shi a ƙotar aduwa. Ƙarfen da ya sha ramukan hanyar Agadas shekara da shekaru, kututturen gawo ba zai ba shi tsoro ba. Za a ce ai mummuna ne, kuma ruwansa kan fita daga ƙota. Munin dai gaskiya ne, amma ba zance za a je da shi ba. Fitar kuwa, a dunguri ƙotar a dutse ya koma gurbinsa. In ya dakushe, maƙerin na nan Kasuwar Dole, a je a yi masa tsiya ya wasa. Na kwali in ya karye, sai a nemi bizar Sin.