Jemagen Ƙwallon Amurka da Masu Cinikinsa

Na san ku sarai. Tun daga kan maganar wasunku sun fara tsaki: "Wannan abin da ake rungume ƙwallo kamar jariri a ruga da gudu, shi ne ƙwallo?" To, ku yi haƙuri, ya 'yan Arsenal, ku da kuka iya jiran kofi shekara da shekaru, jiran sakin layi shida ba zai kashe ku ba.

A gasar NFL ta Amurka, mai ƙungiyoyi 32, ba a zuwa da buhun kuɗi a kwashe yara yadda Real Madrid ke yi. Duk watan Afrilu ake zaman rabon sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma wanda ya zo na kashin baya a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓa. E, ladan faɗuwa ke nan. Na ga wasu magoya baya sun gyara zama.

Akwai wani gurbi da ke hana masu zaɓen barci: ɗan ƙarshen sahu, wanda ke tsayawa dab da ƙattin da ke kare mai jefa ƙwallo. Jemage ne, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi. Yanzu za a ce ya tare wani basamude mai kilo ɗari da ashirin, an jima a ce ya sheƙa ya cafe ƙwallo a sama. Aikin ɗan dako da na ɗan tsere a wuyan mutum guda. Shi ya sa sabon shiga kan daɗe bai nuna ba, don karatun mutum biyu yake yi.

"To a ɗauki wanda ya fi kowa tun farko mana, a huta." Sannu, malam koci! Zo ka ji yadda aka yi da Baltimore Ravens a 2018. Sun ɗauki ɗan wannan gurbi Hayden Hurst a zagayen farko, lamba 25, tun ma kafin su ɗauki mai jefa ƙwallo Lamar Jackson a lamba 32. Sai suka koma zagaye na uku, lamba 86, suka ƙara da Mark Andrews, kamar mai sayen tumaki biyu don gudun kada ɗaya ta ƙi kiwo. Bayan kaka biyu aka tura Hurst Atlanta. Andrews, gyaran da aka ɗora a kan ciniki, shi ya zama uban gida, ya yi shekaru yana cafe wa Jackson ƙwallo.

Kada ku ce sa'a ce ta rana ɗaya. Travis Kelce na Kansas City, wanda wasunku ba su san shi ba sai ta dalilin Taylor Swift, a zagaye na uku aka tsince shi a 2013. George Kittle sai da aka kira mutum 145 kafin San Francisco ta waiwaye shi a 2017. Rob Gronkowski ya zame zuwa zagaye na biyu a 2010 saboda aikin da aka yi masa a baya. Antonio Gates kuwa ko kallo bai samu ba a rabon 2003. Ƙwallon kwando ya buga a jami'a, amma ya yi ritaya da ci 116.

Atlanta ta gwada ɗaya hanyar a 2021, ta ɗauki Kyle Pitts a lamba 4, matsayin da ba a taɓa ba ɗan wannan gurbi ba. Kakar farko ya haura yadi dubu, daga nan rauni da sauye-sauyen masu jefa masa ƙwallo suka dabaibaye shi. Na ji wani daga baya yana ɗaga murya: "Brock Bowers fa?" Kai, ashe kana kallo a ɓoye! Gaskiyarka, Las Vegas ta ɗauke shi a lamba 13 a 2024, ya cafe 112 a kakarsa ta farko. Ba ni da bakin musu a nan.

Amma ni da za a ba ni kujerar, sai in yi irin na Baltimore: in auna gudu da tsawon hannu a gwajin da ake yi wa sababbin 'yan wasa a Indianapolis, in duba ko yaron yana son tura mutum ko kuwa tsoron ƙura yake, in ɗauki biyu. Ku kuma da kuka ce ba ruwanku, akwai David Njoku, ɗan iyaye 'yan Najeriya, da Cleveland ta ɗauka a lamba 29 a 2017. Na ga har an fara tambayar ƙarfe nawa ake buga wasan.