Ƙarfe a Cikin Fura

Duk wanda aka tura wa bidiyon nan a WhatsApp, ina so ya sani an yanke farkonsa. Kafin inda aka fara ɗauka na yi kiɗa mai daɗi, kuma ina da shaidu. Matsalar ita ce shaidun duk ƴan fadarmu ta shayi ne, su kuwa tun shekaranjiya ba wanda ya haɗa ido da ni bai ƙware da dariya ba.

Wani kiɗa na Amurka ne ya ja mini, sunansa Sleep Walk. Wasu wa da ƙane ne suka yi shi a 1959, Santo da Johnny Farina, mutanen unguwar Brooklyn a birnin New York, kuma a watan Satumba na shekarar ya zama na ɗaya a jerin faya-fayan ƙasar. Ko kalma ɗaya babu a cikinsa, kiɗa ne zalla. Ni a ƙarshen fim ɗin La Bamba na 1987 na fara jin sa, ya shiga raina ya ƙi fita. Da na bi diddigi sai na tarar ba da jitar da muka saba gani ake yin sa ba. Wata iri ce da ake kwantarwa a kan cinya. Ba a danna tsirkiya da yatsa, sai dai a riƙe guntun ƙarfe mai santsi a hannun hagu ana zamar da shi bisa tsirkiyoyin, hannun dama yana tsinka. Wani ɗan tsibirin Hawai, Joseph Kekuku, shi ake jingina wa ƙago salon wajen 1889, yana yaro, kuma ana ba da labarin cewa wani ƙarfe ya tsinta a gefen hanyar jirgin ƙasa ya goga wa jitarsa. Na ce to madalla, in tsintaccen ƙarfe ya isa, ai Damagaram ba ta rasa ƙarfe ba.

Na zaga Kasuwar Dole ban samu irin jitar ba, sai na dawo kan tawa tsohuwa. Na cusa ƙusa a ƙarƙashin tsirkiyoyin daga can saman wuya don su ɗaga, na sake ɗaurinsu yadda masu koyarwa a YouTube suka nuna. Ƙarfen zamiyar kuwa aro na yi wajen maƙwabcinmu a Zango, wani dattijo da muke kira Baba direba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a bisa babbar mota tsakanin Kano, Damagaram da Agadas. Guntun ƙarfen da ke riƙe fistan a inji ya ba ni, mai kauri, sumul, yana sheƙi. Ya ce aro ne. Ya sake cewa aro ne.

A jita ta kullum, layukan ƙarfen da ke wuyanta su ke rufa wa mutum asiri: ka danna ko'ina a tsakaninsu, sautin ya fito daidai. A nan babu mai rufa maka. Dole ƙarfen ya tsaya cif a kan layin, in ya gota da faɗin gashi kunne ya ji tsami. Yatsun da ke bayan ƙarfen kuma aikinsu su kwanta a kan tsirkiya su kashe ƙarar banza, hannun yana ɗan karkarwa don sautin ya yi rai. Ga kiɗan shi kansa a hankali yake tafiya, kowane sauti sai ya tsaya an ƙare masa kallo kafin na bayansa ya zo. A makonnin farko abin da ke fita daga ɗakina kamar ƙofar zauren da ta shekara goma ba ta ga mai ba. Garin da tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, yake jin algaita da kakaki a ƙofar fada, ba ya karɓar “kusan daidai” daga hannun malamin lekol.

Na yi wa ƴan fada bayani cewa abin ba baƙo ba ne a Afirka. Na ce su saurari faifan Juju Music na Sunny Ade na 1982, su ji Demola Adepoju yana zamiya da ƙarfe, na kawo musu Dokta Nico na Kwango. Suka ce sun ji, in miƙo sukari.

Mutum ɗaya ne ya ɗauki abin da muhimmanci, shi ne mai ƙarfen. Kullum bayan la'asar sai ya jawo kujerarsa ya zauna a ƙofar ɗakina, carbi a hannu, yana saurare da kai a karkace yadda yake sauraren inji. Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin lekol.

“Mushe, me ya same ta ka kwantar da ita?”

“Haka ake kaɗa ta, Baba.”

“A'a. Ni da idona na ga Maman Barka, Allah ya jiƙansa. Gurumi a ƙirjinsa yake riƙe shi. Abin kiɗa in ya kwanta ba shi da lafiya.”

Na ce ai biram ɗin da marigayin ya je ya koyo wajen Budumawan tafkin Cadi, mai tsirkiya biyar, a ƙasa yake ajiye shi. Baba ya ce wannan daban, wannan ƙirar jirgin ruwa gare shi, jirgi kuwa dole ya kwanta. Tawa ba ta da uzuri.

Wata rana ya ce giya ce ba ta shiga, in daina canjawa ban taka kuloci ba. Na tambaye shi ina kulocin yake a jikin jita, ya ce wannan kuma ni ne mai ilimi. Wata rana ya ce in dinga barin ta a rana da safe ta ɗumama kafin in tashe ta. Da na kai wurin da sauti ke hawa sama, sai ya ɗaga carbi ya ce in saurara, lodi ya yi mata yawa, in sauke tsirkiya biyu. Ranar da kiɗan ya fara kama da kansa kuwa, ya yi shiru har na gama, na ɗauka yabo ke tafe.

“To sunan wa ake faɗa a ciki?”

“Ba sunan kowa, Baba. Babu waƙa.”

“Ba kirari?”

“Babu.”

“To wa zai biya?”

Har yau ban samu amsar wannan ba, kuma ina jin ita ce tambaya mafi nauyi da aka taɓa yi wa Santo da Johnny, ko da ba su ji ta ba.

Sai auren wani ɗan fadarmu ya taso, ango ya ce lallai in yi musu kiɗan nan a daren walima. Ni kuma na ce to. A wani lungu na Birni aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, maza a waje, mata a cikin gida bayan katanga. A gefena na dama aka shimfiɗa darduma ta manya, a tsakiyarta kawun amarya, wanda ya ba da aurenta, cikin farar shadda mai aiki, an ajiye masa ƙwaryar fura da ludayi. Zafin watan Afrilu ne, irin wanda ko da dare bango ke huci. Mai kayan sauti ya kafa makirfo a bakin jitar, ya murɗa eko har ƙarshe, don a wurinsa biki ba eko zaman makoki ne.

Na ajiye kayana na tafi gaida manya. Da na dawo na tarar da Baba direba tsaye a kan kujerata yana goge hannu da tsumma.

“Na yi masa sabis,” in ji shi.

Giris ya shafa wa ƙarfen. Ya ce ya lura tun a gida yana cijewa. Na goge iya gogewa da gefen rigata, amma an riga an kira sunana a lasifika.

Farkon, wallahi, ya yi kyau. Wannan ne wurin da aka yanke. Sauti ya fito a natse, na ga wani dattijo ya daina fifita, har yaran da ke kan katanga suka yi tsit. Na ji a raina yau Damagaram za ta san ni. Sai na iso wurin da ake jan ƙarfen daga tsakiyar wuya a zame da shi can sama, a tsaya ana karkaɗa shi. Na ja. Sautin ya tashi siriri, yana rawa, eko ya ninka shi ya watsa a lungun.

Matan cikin gida ba sa ganina. Abin da suka ji kawai shi ne wata murya siririya ta tashi sama tana karkarwa a daren biki. Wata gwaggo da ke daidai bayan katangar da na jingina ta ɗauka an fito da amarya ba a gaya mata ba, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa ta gaske a tsakiyar kunnena.

Hannuna ya zabura. Ƙarfen ya tafi.

Na kalli bidiyon nan har na haddace shi, don haka zan iya ba da labarin tafiyar ƙarfen dalla-dalla. Ya fara zamewa a kan tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, suka yi wani kuka da ban taɓa sanin jita na da shi ba. Ya doki makirfo, lasifika ta ce dum, wani yaro ya faɗo daga katanga. Daga nan ya tashi sama yana juyi, hasken fitila na walƙiya a jikinsa, kawuna suna bin sa a tare daga hagu zuwa dama. Ya wuce kan ango. Ya wuce kan liman, wanda ya sunkuya a kan lokaci, Allah ya ƙara masa lafiya. A lungun nan akwai rairayi, akwai kwata, akwai tabarmi da ba kowa a kansu, akwai faɗin Birni gaba ɗaya. Ƙarfen bai ga ko ɗaya ba. Ƙwaryar kawu ya nufa, ya faɗa tsakiyarta, tsulum.

Fura ta tashi ta sauka a gemunsa, da aikin shaddar, da gilashin idonsa na dama.

A daidai nan ne bakina ya buɗe da kansa, dab da makirfo, na ce: “Wayyo Inna!”

Mai kayan sauti bai rage eko ba. Lungu ya yi shiru, ba abin da ake ji sai muryata tana dawowa daga lasifika huɗu, Inna, Inna, Inna, tana raguwa a hankali, ba ta gaggawa. Ni mai gemu, mai koyar da ƴaƴan mutane, ga ɗalibaina a kan katanga. Kuma duk wannan lokacin, bidiyon ya nuna, hannuna na hagu yana nan a kan jita yana ci gaba da karkarwa yadda aka koya masa, babu komai a cikinsa.

Sai daga bayan katanga aka amsa: “Na'am?”

Na manta Innata tana cikin matan biki. Ta fito ta zaure da gyale a hannu tana tambaya wa ya taɓa mata ɗa. Wannan ma makirfo ya ɗauka.

Kawu bai ce komai ba. Ya cire gilashi ya goge da bakin hannun riga. Ya ɗauki ludayi ya laluba cikin ƙwaryar a natse, ya tsamo ƙarfen, ya ɗaga shi wajen fitila, fura tana ɗiga, ɗan giris yana yawo a saman abin da ya rage. Ya dube ni.

“Malam, wannan ma cikin kiɗan yake?”

“Ranka ya daɗe, a'a.”

“To.”

Ban san abin da zan ƙara ba, kuma ban samu dama ba, don Baba direba ya riga ya ratso taro yana ture kujeru. Ya durƙusa ya gaida kawu, ya nuna ƙarfen ya ce, “Ranka ya daɗe, na Berliet ne, asali, yanzu ba a samun irinsa.” Kawu ya sake juya shi, ya gyaɗa kai. Sannan Baba ya juyo kaina, bai rage murya ba.

“Mushe, ka ga abin da nake gaya maka. Wurin nan gangara ce. Ba a shiga gangara da gudu. Tun daga nesa ake rage giya, a taka birki kaɗan-kaɗan.”

“Baba, giris ɗin ne.”

“Giris ya yi aikinsa. Ka ji ya cije? Bai cije ba.” Ya waiwayi jama'a don su shaida. “Da ka tayar da ita zaune yadda na ce, ƙasa zai faɗi, ba wajen manya ba.”

Wani daga cikin dattawan darduma ya ce wannan gaskiya ne. Aka shiga muhawara a kan ko jita na da birki, liman ya ce shi ba fanninsa ba ne. Innata tana kakkaɓe mini riga tana duba ko na ji ciwo. Mai kayan sauti, Allah ya saka masa, ya saki waƙar amarya da ƙarfi.

Yau da safe na juya ina rubutu a allo, daga bencin baya wata ƙaramar murya ta ce “Inna,” wata ta karɓa a hankali, wata ta karɓa a hankali fiye da ita. Sun ma iya ekon.

Ƙarfen yana wajen kawu. Ya sa shi a aljihu a daren, ya aiko ango ya ce in zo gida da kaina in karɓa, kuma in taho da jitar, yana so ya ji yadda kiɗan ke ƙarewa. Baba direba kuma yana son kayansa kafin Alhamis. Ya ce in na ji nauyin zuwa, yana da wani na tirela da zai ara mini, ya fi wancan nauyi sau biyu, ba ya tashi sama.