Bazazzagi, Wai Mutum Nawa Ka Kayar?

Bawana Bazazzagi, ubangidanka na Tofa yana gaishe ka.

Labarin jarumtarka ya iso mana, sai dai kullum ƙiba yake ƙarawa a hanya. Da ka sauka a Janguza, a teburin mai shayi, mutum uku ka ce ka kayar a wata mashaya a Sabon Garin Zariya. Kafin ka iso Lambu sun zama bakwai, ɗaya har da wuƙa. A majalisarmu kuwa goma sha biyu ka lissafa, wai an rotsa maka kwalba a ka, ita ta tarwatse, kai ko gezau. Da ka cire hula za ka yi alwala na leƙa kan nan da kyau. Babu tabo, sai sanƙo.

Dattawa dai tambaya ɗaya suka yi: me ya kai ka gidan giya? Ka ce bashi ka je karɓa. To, rage murya. Nan ƙasar Kano ce, tun 2000 aka ƙaddamar da shari'a, Hukumar Hisba kuma tun 2003 take aiki. In labarin gaskiya ne, su za ka yi wa bayani. In ƙarya ne, kai da Ubangijinka.

Kuma tun yaushe rikicin bugaggu ya zama dambe? Cacar baki ce da cin kwala, a kai naushi ya sami iska, mai gida ya kashe wuta, kowa ya nemi ƙofa da takalmi wari guda. Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, a fili ya yi kisansa, ga makaɗa, ga jama'a. Sarauniya Amina da kuke cika mana kunne da ita ta bar ganuwa, ana gani. Kai shaidarka ɗaya tak, shi ma Bazazzagi ne. Uwargidanka kuwa ta ce ranar da ɓera ya shigo ɗaki, kai ka riga yara hawa gado.

Kaka ta kusa. Da an gama yankan dawa mahauta za su kafa dambe, kuma na riga na ba da sunanka. Zaren naɗe hannu ni zan saya. An samo maka wani yaron mahauci da ko gemu bai fara ba. Ka zo da wuri, ka taho da kuɗin mai ɗori, da kuɗin sharata na bara da ka danne.