Magini Marar Siminti a Bayan Tashar Wadata

Ka ce gini? Na ga har ka fara leƙa bayana kana neman tulin yashi da buhun siminti. Kwantar da hankalinka, malam. Ginin da nake nufi ba ya cin bulo, ba ya neman lebura, kuma ba mai zuwa daga ofishin magajin gari ya tambaye ka takardar fili. A cikin kwamfuta muke yin sa, a wani ɗan shago bayan tashar Wadata, inda muryar ƴan kamasho masu kiran Dosso da Ƙonni da Maraɗi ke shigo mana ta taga tun da asuba.

Mai rubuta manhaja yana zuba umarninsa da yaren da ɗan Adam ke iya karantawa, kamar C, a fayil ɗari ko dubu. Ita kuwa kwamfuta kurma ce ga wannan yaren, sai an juya mata shi fayil bayan fayil, sannan a ɗinke su wuri guda. Wanda ke tsaye a kan aikin yana cewa a yi wannan kafin wancan, sunansa make. Sarkin magina ke nan.

Ka ce yayin yaran zamani ne, gobe zai wuce? Haba! Wataƙila ma ya girme ka. Stuart Feldman ya rubuta shi a Bell Labs ta Amurka a 1976, lokacin Seyni Kountché yana shekara biyu a kan mulki. Ka gaishe da tsoho kafin ka raina shi.

Nawa ne? Kyauta. Ga shi nan ka taɓe baki, wai araha ba ta ado. To, ciro salular da ke aljihunka. In Android ce, Linux ne ke kwance a ƙarƙashinta, shi kuma Linux da make ake harhaɗa shi. Wato abin da kake wa kallon banza, shi ke kai maka gaisuwar surukai ta WhatsApp kowace Juma'a.

Saka shi ba wuya. A Linux irin su Ubuntu ko Debian ka buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ka rubuta sudo apt install build-essential, ka ba da kalmar sirri, sai make ya sauko tare da gcc mai juya yaren. Kuɗin intanet kam kai za ka biya, ban ce maka har shi kyauta ba ne. Ka ce baƙin allo na ƴan damfara ne? Subhanallahi! Ni da ke nan ina bin mai gyaran babur jika biyu tun ƙaramar salla ban iya karɓa ba, ni ne ɗan damfara?

Amma kada ka ce na ɓoye maka halinsa, tsohon yana da taurin kai. Umarninsa a wani fayil ake rubuta shi mai suna Makefile, kuma kowane layin aiki dole ya fara da maɓallin Tab. Ɗan ƙanena ya buga tazara a madadinsa. A ido duk ɗaya ne, fari fat. Sai make ya watso masa missing separator ya ja bakinsa ya yi shiru. Yaro ya share, ya sake, ya zargi kwamfuta, ya zargi zafin Afrilu, har aka sauke shayi na uku a fada bai gane ba. Shi kansa Feldman ya san ya yi kuskure a nan, amma kafin ya farga mutum kamar 12 sun riga sun fara aiki da abin, bai so ya ɓata musu, sai ya bari. Kunyar mutum 12 ce duniya ke biya yau kusan shekara 50.

To me ya sa muke jure masa? Saboda kuran, malam. Make ba ya maimaita aikin da ya gama. Yana duba lokacin da aka taɓa kowane fayil: in rubutun ya fi abin da aka gina daga gare shi sabunta, ya sake, in ba haka ba, ya tsallake. Kwamfutata ƴar gwanjo ce, batirinta ya mutu tun kafin ta baro Faransa. Ana tsakiyar fayil na 400 wuta ta ɗauke, allo ya yi duhu, fanka ta tsaya. In ta dawo, na rubuta make, ya ɗora daga inda ya tsaya. Wani lokaci fayil ɗin da ɗaukewar ta riska yakan fito rabi, sai in goge shi da hannu. Nuna min magini a Yamai da za a kora daga aiki da tsakar rana, ya dawo bai ce a sake biyan sa kuɗin tushe ba.

Sharaɗi ɗaya: agogo. In ƙaramin batirin agogon kwamfutarka ya mutu, ta farka tana zaton shekarun baya ne, make zai ga fayil daga gobe ya hau ƙorafi. Sayi batirin, bai kai kuɗin kilishi ba.

Ka ce ka ji ana maganar CMake, wai ya kashe make? Wa ya faɗa maka? Kamfanin Kitware ya fito da shi a 2000, kuma babban aikinsa rubuta wa make, ko wani magini irinsa mai suna Ninja, takardar aiki. Tsoho ya ɗauki akawu, kai kana shelar jana'izarsa.

Har yanzu kana girgiza kai? Shi ke nan. Zo da kwamfutarka gobe bayan la'asar, shago na uku bayan mai tsire. Ka taho da sukari, namu ya ƙare wajen neman Tab.