Noman Waya

Mu nan Tudun Murtala kowa manomi ne. Tela manomi ne, mai Adaidaita manomi ne, malamin firamare manomi ne, har ɗan kasuwar da ke sammakon Kantin Kwari kullum. Zauna a majalisa bayan sallar isha'i ka tambaya, za ka ji mai gonar gado a Gezawa, mai ita a Minjibir, mai ita a Gabasawa, wani ma tasa na can Doguwa cikin duwatsun Riruwai. Tambayar da ba a yi ita ce yaushe rabon mutum ya taka gonar da ƙafarsa. Nomanmu na waya ne. Ruwan shuka ya sauka, sai a kira ƙani ko ɗan wa a ƙauye: "An yi shuka?" A leƙa wajen mai POS a tura kuɗin taki da na feshi. Sai kuma da kaka a kira a ji buhu nawa aka samu, a yi salati.

Daga nan sai neman mai laifi, abin da muka ƙware a kai. Ko yaron ya karkatar da takin zuwa gayaunarsa, ko takin jabu ne, ko ruwa ya ɗauke lokacin da dawa ta ɗauki ciki. Akwai masu cewa baki ne. Ciyawa dai ba ta shiga lissafi, don a wurinmu an gama da ita tun ranar da kuɗin magani ya fita daga asusu.

Cikin watan Satumba wani Alhajin layinmu, mai shagon atamfa, ya zo majalisa yana miƙa wayarsa hannu-hannu. An turo masa hoton gonarsa ta WhatsApp. Dawar gajera ce, ganyenta ya yi rawaya-rawaya, amma tsakanin kunyoyi wani fure ne mai ruwan hoda ya shimfiɗu har iyakar gona.

"Ku ga ikon Allah," in ji shi. "Sai ka ce lambun gidan gwamnati."

Muna ta masha Allah har wayar ta isa hannun Baba, dattijon da ya yi ritaya daga aikin malamin gona. Ya gyara tabarau, ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo.

"Alhaji, wa ke kula maka da gonar nan?"

"Ɗan wana ne, Baba. Lafiya dai ko?"

"Ka sa a tuge furen nan kaf, a tara a rami a ƙone. Wuta-wuta ce. Dawar bana kam sai haƙuri, ta baɗi muke neman cetowa."

Majalisa ta yi tsit na ɗan lokaci, don kowa ya san sunan. Da yawanmu da shi muka tashi, wasu kakanninsu ƙuduji suke ce mata. Ganin ta ne muka manta.

Yadda Baba ya warware mana, ita ba ajin harƙiya ko ƙarangiya ba ce, masu tsayawa gefen shuka suna rabon ruwa da taki da ita har fartanya ta zo ta raba gardama. Irin wuta-wuta kwanciya yake yi a ƙasa, ba ya tsira sai saiwar dawa ko gero ko masara ta matso kusa ta fitar da wani sinadari da ke tashe shi. Da ya tashi sai ya liƙe wa saiwar yana tsotso, makonni kafin a ga ko ganye ɗaya a sama. Shi ya sa noman firi ba ya samun ta, sau da yawa ma har a yi maimai ba ta leƙo ba. Ranar da ka ga fure, ta riga ta ci abin da za ta ci. Tushe ɗaya in aka ƙyale shi yana zubar da iri dubun-dubata, ƙanana ainun, da kyar ido ke ganin ƙwaya ɗaya, kuma suna iya shekara 10 ko fiye a cikin ƙasa da ransu. Iska na ɗauka, ruwa na ɗauka, kofaton shanu na ɗauka, haka garmar taraktar da muke haya daga gona zuwa gona, har da irin shukar da ake awowa a kasuwa.

"To Baba, ba sai a ƙara feshi ba?" in ji mai Adaidaita.

Nan ne ciwonmu yake. Mun mai da tankin feshi maganin komai. Duk wanda ya bi hanyar Gezawa da damina ya ga yadda ake yi: yaro goye da tanki, ba takalmi, ba ko ƙyalle a hanci, yana auna magani da murfin kwalba, yana ƙara rabi "don ya yi ƙarfi". Kwalbar kuma a ɗauraye a zuba manja. Hukumar NAFDAC ta haramta paraquat, wannan mai ƙone ganye cikin kwana ɗaya da manoma ke yabo, saboda haɗarinsa ga ɗan'adam, amma a majalisarmu babu wanda ya iya faɗin sunan abin da ake fesawa a gonarsa. Kuma duk ƙone ganyen da za a yi, irin da ke kwance a ƙasa ko a jikinsa. Waɗanda ke jin jiki su ne tafasa da gasaya da zaƙi-banza, da mata ke tsinka a gefen gona don kwaɗo da miya. Yanzu su ma sai an je Yankaba an saya da kuɗi.

Abin haushin, ilimin yaƙar ta ba a Turai yake ba. Hedikwatar KNARDA, hukumar raya noma ta jihar Kano, na kan titin Haɗeja, titin da muke bi safe da yamma. Cibiyar binciken noma ta IITA na da ofishi a titin Sabo Bakin Zuwo da gonar gwaji a Minjibir. Daga aikin IITA aka fitar da waken SAMPEA 10 a 2008, wanda wuta-wutar wake ba ta iya kama shi, don shi ma wake yana da tasa daban. Cibiyar binciken noma ta Samarun Zariya ta fitar da ire-iren masarar SAMMAZ masu jure wuta-wuta. A 2011 kuma aka ƙaddamar da wani shiri musamman kan wuta-wuta a jihohin Kano da Bauchi. Dabarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta waken soya. Saiwarsa na tashe irin wuta-wutar dawa, amma irin ba ya samun wurin liƙewa, sai ya mutu da yunwa. Auduga da gyaɗa ma suna yin hakan. Ka huta da dawa na wasu damuna ka sa su, ka rage abin da ke kwance a ƙasa, soya da gyaɗar kuma su bar maka ƙasa da sauran ƙarfi.

To me ya hana? Baba ya ce duk shekarun da ya yi yana tara mutane a gindin bishiya ko a bakin gonar gwaji, masu fartanya ne ke zuwa. Su saurara, su gane, su koma gida ba su da ikon sauya ko kunya ɗaya, don mai gona na Kano yana jiran buhunan dawarsa. Mai yanke shawara ba ya zuwa darasi, mai zuwa darasi ba ya yanke shawara. Ga kuma masu aro da masu haya. Wa zai yi jigilar takin gargajiya zuwa gonar da aka ba shi ta damina ɗaya, alhali ya san ranar da ta yi kyau mai ita zai tuna cewa ɗansa na son noma? Mu ne masu yin hakan, kuma mun san kanmu.

Ita kuwa wuta-wuta gajiyayyiyar ƙasa take so. Gonakin kewayen Kano an daɗe ana noma su duk shekara ba hutu, abin da ya riƙe su shi ne taki. Dattawa na tuna ayarin jakuna da rani, su shigo birni da itace, su fita da mangaloli cike da toka da kashin awaki da sharar gida, a zuba tsibi-tsibi a gona kafin ruwa. Yau sharar tamu rabinta leda ce, kashin tumakin da muke turkewa don Babbar Sallah kuwa kwata muke sharewa da shi, sannan mu yi kukan tsadar buhun taki.

Mutumin Doguwa ya ce su can nasu ya fi haka, don bayan ciyawa ga zaizaya, ruwan dutse na wanke gona ya bar tsakuwa. Baba ya ce a jera duwatsu a gicciye da gangare, yadda mutanen Keita a jihar Tawa suka farfaɗo da tuddansu tun daga 1984, a kuma daina sare kowane toho lokacin sharar gona, abin da mutanen Maraɗi ke kira sassaben zamani. Ya ce duwatsun ai kyauta Allah ya ba ku. Mutumin Doguwa ya ce ɗaukar su ce ba kyauta ba.

Aka dawo kan gonar Alhaji. Malamin firamare ya kawo magana mai kyau, cewa ko an tuge ta Alhaji tas, in maƙwabci ya bar tasa ta yi iri, aikin banza ne, sai dai a haɗu da dagaci a sa rana a yi gayya. Kowa ya ce haka ne. Aka ce a je Asabar. Wani ya tuna Asabar ɗin ƙarshen wata ce, akwai tsaftar muhalli, ba fita sai ƙarfe 10. Ta gaba kuma ɗaurin aure biyu, ɗaya a Dakata ɗaya a Hotoro.

Alhaji ya ce bari dai ya kira yaron. Ya sa wayar a amsa-kuwwa don mu ji yadda ake faɗa.

"Kai, ashe kana zaune wuta-wuta ta cinye min gona?"

"Baffa, ai shi ya sa na turo muku hoton. Ku kuka maido min da masha Allah."

Sai da mai shayi ya ajiye buta don dariya. Yaron ya ce tugewar sai an ɗauki 'yan ƙwadago, kuma in Baffa ya yarda, baɗi a sa waken soya kamar yadda malamin gona ya gaya musu tun bara. Alhaji ya dubi Baba, Baba ya gyaɗa kai. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce maganar tugewa a fara gobe, ta soya kuwa sai ya shawarci Hajiya, don ita ke tuƙa tuwon, kuma ba a taɓa kai mata soya niƙa ba.